Karen Aiki da Karen Sha'awa: Awon Amfani da Ɓarna

A wani darasin fassara da na yi da ɗalibai, mun ci karo da wata kalma ta Faransanci mai nufin dabbar da mutum yake ajiyewa a gida don ta ɗebe masa kewa kawai. Muka yi ta laluben takwararta a Hausa har muka gaji. Wani ya ce “dabbar gida”, aka tuna masa cewa akuya da jaki ma dabbobin gida ne. Wata ta ce “abokin zama”, aji ya fashe da dariya, domin Bahaushe ba ya kiran kare abokin zamansa. Daga bisani muka tsaya a kan “dabbar sha'awa”, alhali ba kowa ne ya gamsu da ita ba.

Rashin wannan kalma ya ba ni abin tunani, saboda harshe ba ya raɗa wa abu suna sai masu harshen sun zauna da abin. Bahaushe ya san karen farauta, ya san karen gadi, ya kuma san karen da yake bin garken makiyayi. Amma kare mai kwana a kan kujerar falo, wanda ake sayo wa abinci a gwangwani, baƙo ne a wurinsa. Sai dai baƙon nan ya riga ya sauka. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi da Damagaram, zai ji haushin manyan karnukan Turai daga bayan katangu, kuma samari sun fara ɗaukar kiwonsu a matsayin alamar wayewa. Tun da haka ne, ya kamata mu ɗora karen a ma'auni tun al'adar ba ta yi jijiya ba: me yake ba mu, me kuma yake ci daga ƙasar da muke zaune a kanta?

Kare a bakin Bahaushe

Mai nazarin harshe zai lura cewa kare yana da fuska biyu a Hausa. A fuska ta farko abin raini ne. “Ɗan kare” zagi ne, “karen farauta” kuwa akan faɗa wa mutumin da wani babba yake turawa ya yi masa aikin da shi ba zai yi da hannunsa ba. Wanda ya sami dama yana yin yadda ya ga dama, sai a ce yana cin karensa ba babbaka. A fuska ta biyu kuwa akwai yabo, ko da ba a fito da shi fili ba. Da aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, an shaida cewa kare gwani ne a fagensa. Da aka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, an nuna cewa an zauna da shi har an karanci halinsa. Wato Bahaushe ya san kare ciki da waje, amma ya ajiye shi a zaure da bakin garke, bai shigo da shi ɗaka ba.

Addini ma ya yi irin wannan iyaka. Sanannen abu ne cewa hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma yi gargaɗi da raguwar lada ga wanda ya riƙi kare ba don ɗaya daga cikin waɗannan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, ya ajiye kare a gidansa a lokacin da katangarsa ta faɗi. Haka nan akwai labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, riƙon kare yana bukatar dalili, kuma wanda ya riƙe shi ya ɗauki amana.

Abin da kare yake bayarwa

Ba za a yi wa kare adalci ba sai an fara da alherinsa. A yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu wanda duniya ta san shi da sunan yankin. Shi ne mai tsaron zango da dare, shi ne mai korar kura da dila daga garke. Wannan aiki yana da amfani ga muhalli ta wata hanyar da ba kowa yake lura da ita ba. Makiyayin da kura ta addabe shi, idan ba shi da mai tsaro, yakan zuba guba a mushe ya bar shi a daji. Gubar ba ta tantance mai ci, sai ta kashe kurar, ta kashe dila, ta kuma kashe ungulayen da suka sauka a kan mushen. Kare ɗaya nagari a bakin garke yana iya hana wannan ɓarna.

A birni kuwa, inda sata ta yawaita, kare mai gadi ya fi arha a kan ɗaukar mai gadi, kuma ba ya gyangyaɗi. A wasu ƙasashe ana horar da karnuka su ja makafi a hanya, su gano mutanen da gini ya rufta wa, su shinshino nakiyoyi da miyagun ƙwayoyi. Ɗebe kewa ma ban ɗauke ta abin wasa ba. Dattijon da yake zaune shi kaɗai a wani bene a Faransa, wanda ƴaƴansa ba sa leƙo shi sai shekara-shekara, karensa ne yake sa shi ya tashi ya fita ya taka ƙasa safe da yamma. Mu da muka tashi a gidan gandu, inda mutum ba ya yini bai yi magana da mutum goma ba, kada mu yi saurin yi masa dariya.

Ɓarnar da ke cikin akushi

To, ina nauyin yake? A ƙasashe masu arziki, yana cikin abin da karen yake ci. A shekarar 2009, wasu malaman jami'a biyu a ƙasar Niyu Zilan, Robert da Brenda Vale, sun tayar da ƙura da suka lissafa cewa filin da ake bukata don ciyar da matsakaicin kare na shekara ɗaya ya ninka har sau biyu wanda ake bukata don ƙera babbar mota ƙirar Land Cruiser da tuƙa ta kilomita 10,000. Masana da dama sun soki lissafin nasu, suna ganin sun kai abincin karen inda bai kai ba. Duk da haka tambayar da suka yi ba ta mutu ba.

A 2017, Gregory Okin na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya sake duba lamarin. Ya ɗauki karnuka da kyanwoyin Amurka, waɗanda yawansu ya kai miliyan 163, ya gano cewa abincinsu yana ɗauke da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin da kiwon dabbobin nama yake ɗora wa ƙasa da ruwa da makamashi a ƙasar. Ya ƙiyasta iskar da ke ɗumama duniya wadda wannan abinci yake jawowa a kan kimanin tan miliyan 64 a shekara. Da a ce dabbobin nan ƙasa ce mai zaman kanta, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama. Bayan shekara uku, masu bincike a Jami'ar Edinbara suka auna busasshen abincin karnuka da kyanwoyi na duniya baki ɗaya, suka ce nomansa yana cin fili kimanin hekta miliyan 49, wato kusan ninki biyu na faɗin Birtaniya.

Dalilin wannan nauyi a bayyane yake. Kafin a sami kilo ɗaya na nama sai dabba ta ci kilo da yawa na hatsi ko ciyawa, ta sha ruwa mai yawa, kuma saniya tana fitar da iska mai ɗumama yanayi daga tumbinta. Duk abin da yake cin nama, mutum ne ko kare, yana tsaye ne a kan gona mai faɗi wadda idonsa bai gani ba.

Masu kare kamfanonin abincin dabbobi suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Suna cewa yawancin abin da ake zubawa a abincin kare ragowar mahauta ce wadda mutane ba sa ci, don haka kare yana rage asara ne. Wannan magana tana iya zama gaskiya a Amurka ko Ingila. A nan wurinmu ba ta da ƙafa. Kayan ciki, da kai, da ƙafa, da ganda, duk abincin mutane ne, kuma su ne naman talaka. Wanda ya je mahauta ya sayi kayan ciki don babban karensa, ya yi takara ne da matar da ta zo neman abin sanyawa a miya. Wanda kuma ya zaɓi abincin buhu ko na gwangwani, ya sani cewa abin ya ƙetaro teku, ya hau babbar mota daga tashar jirgin ruwa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya iso ƙasar da ba ta da gaɓar teku.

Akwai wasu ɓarnace-ɓarnacen da ba su kai wannan girma ba amma sun cancanci ambato. A Ingila an tarar da magungunan ƙuma da kaska da ake ɗiga wa karnuka a wuya sun kai ga koguna, inda suke kashe ƙananan halittun ruwa. A kusa da birnin Gent na Beljiyam an gano cewa kashi da fitsarin karnukan da ake kai wa yawo a gandun daji yana yi wa ƙasar taki fiye da kima, har wasu tsirrai suna danne wasu.

Ɓarnar da ke cikin sakaci

Karen ƙauyenmu ba ya cin gwangwani. Yana rayuwa ne a kan ɗumamen tuwo da ƙashi da abin da ya tsinta a juji, don haka lissafin Okin bai hau kansa ba. Amma ba za mu wanke shi ba, domin tasa ɓarnar tana wani wuri: ba a ɗaure shi, ba a kuma yi masa rigakafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara. Kashi 95 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a Afirka da Asiya suke, kusan dukkansu daga cizo ko yaƙushin kare ne, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Cutar takan ɓuya a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, amma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Abin takaici shi ne, tun 1885 Louis Pasteur ya yi nasarar yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar da ta cece shi. Shekara fiye da ɗari da talatin ke nan maganin yana hannun ɗan Adam.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wani maƙwabci ya sayo ƙaton kare na Turai mai gashi, ya ɗaure shi ƙarƙashin rumfar kwano a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Dabbar da aka halitta don ƙasar sanyi ta yini tana haki, da dare kuma a sake ta. Wata safiya aka bar ƙofa a buɗe, ta fito ta ciji wata yarinya ƴar talla a ƙafa. Da aka tambayi mai karen takardar rigakafi, babu. Iyayen yarinyar suka yi kwanaki suna zirga-zirgar allura, aka kai ruwa rana kafin mai karen ya yarda ya biya. Yarinyar ta tsira, alhamdu lillahi. Amma kuɗin da aka kashe da fargabar da aka sha sun ninka farashin allurar da ya kamata a yi wa karen tun farko sau da yawa.

Maƙwabciyarmu Cadi ta ba mu darasi biyu a kan wannan. Na farko na ƙarfafa gwiwa ne. A 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan Injamena rigakafi kyauta, aka kai ga fiye da kashi 70 cikin ɗari, wanda shi ne adadin da masana suka ce yana katse yaɗuwar cutar. Ciwon ya lafa a birnin, har sai da karnuka daga waje suka sake shigo da shi. Wannan ya nuna cewa aikin yana yiwuwa a birnin Sahel, ya kuma nuna cewa yi ɗaya ba ya isa. Darasi na biyu na kurkunu ne. A 1986 mutum kimanin miliyan uku da rabi ne suke kamuwa da shi a shekara. Yanzu adadin bai kai ashirin ba, kuma tun 2013 aka tabbatar da cewa Nijar da Najeriya sun rabu da shi. Sai ga shi daga 2012 an fara ganin tsutsar a jikin karnukan ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari, har a 2019 aka ƙirga kusan karnuka dubu biyu masu ɗauke da ita. Ana kyautata zaton suna ɗauka ne daga kayan cikin kifi da ake zubarwa da kuma ruwan da suke sha, shi ya sa aka koma ɗaure karnukan da binne kayan cikin kifin. Cutar da aka kusa kawarwa daga doron ƙasa ta sami maɓoya a jikin karen da aka saki.

Namun daji ma suna ɗanɗana kuɗarsu. A 1994 wata cutar karnuka ta tsallaka daga ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe zakuna kimanin dubu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan yankin. A tsaunukan Habasha, jan kyarkecin da ba a samun irinsa a ko'ina sai can, wanda ragowarsa ba ta wuce ƴan ɗaruruwa ba, ciwon haukan kare daga karnukan makiyaya ne babban abin da yake karkashe shi. Wani nazari na 2017 ya lissafa cewa karnuka suna da hannu a ƙarewar nau'o'in dabbobi 11 a duniya, kuma suna barazana ga wasu 188.

Inda na tsaya

Wasu sukan ce maganin abin shi ne a bi titi a kashe karnukan da ba su da masu su. An sha gwada wannan a wurare da yawa bai yi aiki ba. Muddin juji da sharar mahauta suna nan, wasu karnukan za su zo su maye gurbin, kuma idan da guba aka yi kisan, ungulu da kyanwa da kajin mutane za su shiga ciki. Indiya ta ga abin da ke biyo bayan mutuwar ungulu: a shekarun 1990 wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru. Wasu kuma sukan ce a bar kowa da sha'awarsa, tun da kuɗinsa ne. Wannan ma ban yarda da shi ba, domin cizon ba a ƙafar mai kuɗin yake sauka ba.

Ra'ayina shi ne, kare mai aiki, wanda girmansa ya dace da aikin, wanda yake cin ragowar abincin gida, aka yi masa rigakafi aka kuma hana shi yawo, amfaninsa ya rinjayi nauyinsa nesa ba kusa ba. Ƙaton karen da aka sayo don a gani a faɗa, wanda jikinsa bai dace da zafinmu ba, wanda cikinsa yake bukatar naman da ya ishi yara biyu, nauyinsa ya rinjayi amfaninsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai mai neman abin ɗebe kewa da gaske, kuma ban ga dalilin hana shi ba, matuƙar zai zaɓi ƙaramin kare na gida wanda ya saba da yanayinmu, ya tsaya a kan ɗaya, ya kuma ɗauki ɗawainiyarsa har ƙarshen ransa. Kare yakan yi shekara goma ko fiye a duniya. Da yawa daga cikin karnukan da suke watangaririya a titi, kwikwiyo ne da wani ya karɓa da murna, da ya girma ya kasa ciyar da shi ya buɗe masa ƙofa.

Don haka, ga mai niyyar riƙon kare, ina ba shi shawara ya tambayi kansa aikin da karen zai yi masa da kuma inda abincinsa zai fito, ya je wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare a riƙa sabunta ta a kan lokaci, ya adana takardar, ya kuma nemi a yi wa dabbar aikin hana haihuwa idan ba shi da inda zai kai kwikwiyoyi. Ga hukumomin birane, gangamin rigakafi da kwashe sharar mahauta sun fi harbi da guba amfani. Ƙasashen duniya sun ɗaura aniyar kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin wannan ciwo nan da 2030, kuma kowace 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu, ana tunawa da shi; ba za a cim ma wannan buri ba idan ba a kai ga karnukan unguwanninmu ba. Ga kowa da kowa kuwa, idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin bai fi yaƙushi ba. Kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.

Ku kuma ɗaliban Hausa, ga aikin da ya rage a kanku. Har yanzu ba mu da tsayayyar kalma ga dabbar da ake riƙewa don sha'awa, kuma kalmar da za ta zauna a bakin jama'a za ta yi tasiri a kan yadda za su ɗauki abin. “Dabbar sha'awa” tana nuna jin daɗin mai ita, ba ta ce komai a kan haƙƙin dabbar da na maƙwabci ba. Ku tattaro karin magana da salon magana a kan kare daga bakin tsofaffin garuruwanku, ku kwatanta na Damagaram da na Gobir da na Ader, ku ga ko a cikinsu akwai kalmar da ta fi wadda muka tsaya a kanta a aji. Idan kun samo, ina so in ji.